Ƙurjin Da Ba Ya Ƙaiƙayi: Bayani Kan Ƙananan Ƙurajen Fata Ga Jama'ar Gadarif



A shekarun da na yi ina aikin jinya a unguwanni da ƙauyuka, na lura da abu guda game da ƙurajen fata. Ƙurjin da ya hana mutum barci saboda susa ba ya kwana uku sai an nemo masa magani, ko a kantin magani ko a hannun mai tallar man shafawa. Wanda kuwa ya fito shiru, babu ƙaiƙayi babu raɗaɗi, sai a bar shi wata da watanni, a ce ai ba ya damun kowa. A wata ƙasar wannan lissafi ba zai yi ɓarna mai yawa ba. A nan yana yi, domin uku daga cikin cututtuka mafi nauyi da ke bayyana a fatar mutanen wannan yanki duk shiru suke farawa. Don haka zan bi ta kan ƙurajen da kowa ya sani da ɗan sauri, sannan in daɗe a kan waɗanda ake rainawa.

Ƙuraje masu ƙaiƙayi

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Gadarif ke haura maki 40, ƙurajen zafi sukan feso wa jarirai a wuya da baya da matse-matsin jiki, haka ma manya masu wuni a rana wajen loda buhunan riɗi da dawa. Ƙofofin gumi ne ke toshewa. Maganinsu wanka da ruwa mai sanyi, tufafin auduga mara nauyi, da zama a inuwa. Kada a lafta wa yaro basilin ko wani mai mai kauri, domin ƙara toshe ƙofofin yake yi. Cikin 'yan kwanaki sukan baje da kansu. Cizon sauro da na ƙuma ma haka suke, na kuɗin cizo kuma sau da yawa a jere yake fitowa, uku ko huɗu a layi ɗaya, a gefen jikin da ya taɓa shimfiɗa. Borin jini yakan taso ruɗu-ruɗu bayan cin wani abinci ko shan wani magani, ya kwanta cikin sa'o'i, ya sake tasowa a wani wurin. Ba shi da hatsari sai idan leɓe ko harshe ya kumbura ko numfashi ya soma wuya, to wannan ba a jiran gari ya waye.

Iyaye mata, ga wata magana taku. Lalle tsantsa ba kasafai yake cutar da fata ba. Abin da ke cutarwa shi ne baƙin dayis da ake haɗa shi da shi don zane ya yi baƙi ƙirin, wanda a nan ake kira sibga. Yakan sa ƙuraje masu ruwa su fito daidai bisa zanen, kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki bayan ƙunshi. Wadda ya taɓa yi wa haka kada ta sake kusantarsa, domin karo na biyu ya fi na farko muni. A kuma ɓoye shi daga yara: guba ne mai kisa idan aka haɗiye shi.

Wadda ta fi yawa a hannunmu yanzu ita ce kazuwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, kuma musamman bayan da mutanen Madani suka kwararo a watan Disamba na 2023, gidan da ke ɗaukar mutum takwas ya koma ɗaukar ashirin, makarantu suka zama masauki. Kafin haka ma sansanin Umm Rakuba ya cika da masu gudun hijira daga Tigrai tun ƙarshen 2020. Duk inda jama'a suka cunkushe a kan tabarma ɗaya, kazuwa ta sami gida. Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, ƙanƙane ƙwarai, macensa na haƙa rami a cikin fata ta zuba ƙwai. Ba alamar ƙazanta ba ce, mai wanka sau uku a rana ma yana ɗauka. Ana gane ta da ƙaiƙayi mai tsanani da dare, da ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, cibiya, ƙugu da al'aura. A jikin jarirai har tafin hannu da tafin ƙafa da kai takan kama. Babbar shaidarta ita ce ba mutum ɗaya ke susa a gidan ba.

Abin da ke sa kazuwa ta ƙi barin gida shi ne yi wa mutum ɗaya magani a bar sauran. Wanda ya ɗauka a karo na farko yakan yi mako huɗu zuwa shida kafin ya fara jin ƙaiƙayi, alhali yana yaɗawa. Saboda haka kowa da kowa a gidan zai shafa magani a dare guda, mai susa da mara susa. Ana shafa man farmetirin daga wuya har tafin ƙafa, har ƙarƙashin farce, a bar shi ya kwana, a wanke da safe, a maimaita bayan kwana bakwai. Idan ruwan benzil benzowet aka samu, sai an sirka shi kafin a shafa wa yara, kuma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi yadda za a sirka. Jarirai ƙanana da masu juna biyu a tambayar musu kafin a shafa kome. Tufafi da zannuwan gado a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi cikin leda na mako guda, domin ƙwaron ba ya wuce kwana biyu ko uku a raye idan ya rabu da jikin mutum. Ƙaiƙayin kan ci gaba har mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwarin sun mutu, kada wannan ya sa a yi ta ƙara shafawa har fata ta ƙone. Amma idan wurin susar ya yi mugunya da ɓawo mai launin zuma, yaro na bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan kuma bayan 'yan makonni fuskarsa ta kumbura da safe, fitsarinsa ya koma kalar shayi, to cutar ta taɓa ƙoda, a kai shi asibiti ran nan.

A nan ne zan roƙi 'yan'uwana 'yan kasuwa. Mayukan nan irin su Dermovate, da waɗanda ake haɗawa ana sayarwa cokali-cokali don ƙara hasken fata, suna ɗauke da sinadari mai kwantar da kumburi da ƙaiƙayi nan take. Shi ya sa mai saye yake dawowa yana godiya. Sai dai ba ya kashe ƙwaron kazuwa, ba ya kashe makero, ƙara musu ƙarfi ma yake yi. Ga shi yana sirantar da fata, yana fito da ƙurajen fuska irin nasa, kuma yana sauya kamannin ciwo har likita ya kasa gane asalinsa. Wanda ya zo muku da ƙurji bai san ko mene ne ba, alherin da za ku yi masa shi ne ku nuna masa hanyar asibiti.

Ƙuraje masu zuwa da zazzaɓi

Ƙa'idar wannan rukuni gajera ce: ƙuraje tare da zazzaɓi a jikin yaro, a nuna wa ma'aikacin lafiya a wannan rana.

Ƙyanda takan fara da zazzaɓi, tari, majina da jan ido, sai bayan kwana uku ko huɗu ƙurajen su ɓullo daga bayan kunne da goshi su gangaro jiki. Al'adar kulle mai ƙyanda a ɗaki a hana shi ruwa da wanka tana kashe yara. Yana bukatar ruwa da abinci da ƙwayar bitamin A da ake bayarwa a asibiti don kare idonsa. Rigakafinta allura biyu ce, a wata 9 da wata 18, kuma yara da yawa da aka yi gudun hijira da su sun rasa ɗaya ko duka biyun. Ƙarambau kuwa ƙuraje ne masu ruwa, suna fitowa kashi-kashi, wasu na bushewa wasu na tasowa. Yawanci yakan wuce lafiya a jikin yara, amma yana da hatsari ga mai ciki da jariri sabon haihuwa da babba, kuma ba a ba mai ƙarambau asfirin. Ƙyandar biri, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Sudan a 2022, tana kama da ƙarambau, sai dai ƙurajenta sun fi tauri da zurfi, suna zuwa da kaluluwa, sukan kama tafin hannu da al'aura.

Akwai wasu ɗige-ɗige da ba ƙuraje ba ne na sosai, jini ne ke tsattsafowa a ƙarƙashin fata. A samo kofin shayi na gilashi a danna gefensa a kan wurin. Ƙurji na yau da kullum yakan dushe idan an danna, wannan kuwa yana nan daram. A baƙar fata an fi ganinsa a tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido da cikin baki. Alama ce ta sanƙarau ko ta zazzaɓin denge mai tsanani, irin wanda ya kwantar da gidaje da yawa a Gadarif a damunar 2023. A tafi asibiti ko da tsakar dare ne, kuma kada a sha kome don zazzaɓin sai farasitamol. Haka nan wanda ya fara sabon magani, sai leɓɓansa da idanunsa suka soma salewa, fata na tashi kamar ƙuna: ya dakatar da maganin, ya riƙo kwalinsa, a garzaya da shi.

Ƙurajen bayan kalazar

Ba sai an gabatar wa mutumin Gadarif da kalazar ba. Mafi yawan masu wannan cuta da ake lissafawa a Sudan daga jiharmu suke fitowa, musamman ƙauyukan Rahad da Atbara, inda Hausawa da yawa suke noma da kamun kifi. Mai yaɗa ta wani ɗan ƙuda ne da ake kira ƙudan rairayi, bai kai rabin sauro ba, ba ya kuka, da dare yake cizo. Yana son baƙar ƙasar nan tamu mai darewa da rani, da dajin dushe da aduwa, wato talha da hijlij a bakin Larabawa. Ya fi yawa a ƙarshen rani, daga Maris zuwa Yuni, lokacin da zafi ke korar kowa zuwa kwanan tsakar gida. Cutar takan ɓoye wata biyu zuwa shida a jiki, shi ya sa asibitoci suke cika bayan damuna, daidai lokacin girbi. Alamunta zazzaɓin da ya wuce mako biyu bai ji maganin cizon sauro ba, kumburin saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, rama da ƙarancin jini. Idan ba a yi magani ba kusan kullum ajali ce. Da ana yin allurar Pentostam kwana 30. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗa ta da allurar faromomaisin, aka rage kwanakin zuwa 17.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne abin da ke biyo bayan sallama. Yaro ya warke, ya yi ƙiba, ya koma wasa. Bayan wata biyu ko uku ko shida, sai wasu ƙananan ƙuraje su fito masa a kewayen baki da haɓa, kamar an watsa gero. Daga nan su hau kumatu da hanci da goshi da kunnuwa, wani lokaci su sauko ƙirji da damatsa. A jikin wasu ba ƙuraje ba ne, tabo ne fari-fari mai kama da kyasbi. Babu zazzaɓi, yawanci babu wani ƙaiƙayin kirki, yaro na cin abincinsa. Binciken da likitocin Jami'ar Kartum da abokan aikinsu suka yi a ƙauyukan wannan jiha a shekarun 1990 ya nuna cewa kusan rabin waɗanda suka warke daga kalazar sukan yi waɗannan ƙuraje, galibi cikin wata shida na farko. Babban jagoran wannan aiki shi ne marigayi Farfesa Ahmad Muhammad al-Hasan, wanda cibiyar cututtukan yankuna masu zafi da ke Doka take ɗauke da sunansa.

Dalilin fitowarsu abin sha'awa ne. Magani yana kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin saifa da hanta da ɓargo, amma kaɗan sukan saura a cikin fata. Lokacin da mutum yake kwance, garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfin kula su. Da ya murmure sai garkuwar ta farfaɗo ta far musu, wannan faɗan ne ake gani a matsayin ƙuraje. Hasken rana ma yana da hannu, shi ya sa suka fi kama fuska da wuraren da tufafi ba ya rufewa.

Wata rana wata dattijuwa ta kawo mini jikanta, ɗan shekara biyar, fuskarsa cike da irin waɗannan ƙuraje. Maƙwabta sun ce ƙyanda ce, an kulle shi a ɗaki kwana goma. Da suka ƙi bajewa, wasu suka ce alluran da aka yi masa ne suka ɓata masa jini. Ta ce da ni, "'Yata, na shafa masa duk abin da aka ce in shafa." Na ce, "Inna, an taɓa kwantar da shi saboda kalazar?" Ta ce wata huɗu ke nan da sallamarsu. Wannan tambaya guda ita ce rabin ganewar ciwon, kuma ita nake so kowane gida ya riƙa yi wa kansa. Ƙyanda ba ta zuwa babu zazzaɓi, ba ta kuma yin wata guda a jiki.

Labari mai daɗi shi ne, a nan Sudan mafi yawan waɗannan ƙuraje suna warkewa da kansu cikin shekara guda, ba tare da allura ko ƙwaya ba, kuma ba su cika barin tabo ba. Don haka idan likita ya duba ya ce a koma gida a dawo bayan wani lokaci, ba wulaƙanci ba ne, ba kuma rowar magani ba ce. Magungunan suna da nauyi a jiki, ba a bayar da su sai da dalili. Amma likita ne zai yanke wannan hukunci bayan ya gani da idonsa, kuma zai so ya sake gani don ya san ko suna raguwa ko suna ƙaruwa.

Waɗanda ba a jira da su su ne waɗannan. Wanda ƙurajen suka rufe masa fuska suka bazu har ƙirji da baya da cinyoyi, balle idan sun kai hannuwa da ƙafafu. Wanda nasa suka fashe suka zama gyambo ko suka yi ɓawo. Wanda suka shiga masa cikin leɓe ko hanci ko ganɗa, musamman ƙaramin yaro da ciwon baki ya hana shi cin abinci, domin ƙananan yara su ne cutar ta fi yi wa tsanani. Wanda ya wuce wata shida ba alamar raguwa. Wanda ke ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma saboda haka ne ake ba da shawarar gwajinta ga duk mai kalazar, kada wani ya ɗauka zargi ne. Sai kuma ido: idan idon mai waɗannan ƙuraje ya yi ja, yana ciwo, yana gudun haske ko gani ya dushe, a tafi a ranar, domin cutar tana iya makantarwa. Idan kuwa zazzaɓi ya dawo tare da ƙurajen, ciki ya soma tasowa, mai yiwuwa kalazar ɗin ce kanta ta komo.

Maganin masu tsanani a da shi ne allurar Pentostam kullum har wata ɗaya ko biyu a kwance a asibiti, abin da ke raba manomi da gonarsa da uwa da sauran 'ya'yanta. An yi gwajin wata hanya a cibiyar Doka, da haɗin gwiwar ƙungiyar DNDi da Cibiyar Nazarin Cututtukan Gida ta Jami'ar Kartum, aka fitar da sakamakon a 2023: allurar faromomaisin ta kwana 14 tare da ƙwayar miltefosin ta kwana 42, wadda ake iya ƙarasa sha a gida. Ta warkar da kusan dukan waɗanda aka ba su. Gargaɗi ɗaya mai nauyi game da miltefosin: tana illata ɗan tayi. Ba a ba mai ciki, kuma macen da za ta sha sai ta ɗauki matakin hana ɗaukar ciki lokacin shan da watanni bayansa. Wannan magana ce da ya kamata maigida ya zauna a yi da shi.

Saura tambayar da ake yawan yi mini: ana ɗauka? Ba a ɗauka ta taɓawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko zama a aji ɗaya. Babu dalilin cire yaro daga makarantar allo ko ta boko, babu dalilin fasa auren yarinya. Sai dai akwai ƙwayoyin cutar a cikin ƙurajen, kuma bincike a ƙasar Bangaladash ya tabbatar da cewa ƙudan rairayi yana iya ɗaukarsu daga irin wannan fata. Ke nan mai ƙurajen da ke yawo lafiya lau yana iya zama rumbun da cutar ke ɓuya a ƙauye daga wannan shekara zuwa waccan. Abin da ya wajaba a kansa shi ne kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare, a ɗaki ko a tsakar gida, ya kuma shiga da wuri. Gidan sauron da babu magani a jikinsa ba ya tare wannan ƙuda sosai, saboda ƙanƙantarsa yana bi ta cikin raga.

Kuturta da nabit

Farin tabon bayan kalazar yana kama da farkon kuturta, har ma'aikatan lafiya sukan rikice. Ga gwajin da za a iya yi a gida. Mutum ya rufe ido, a shafi tabon da ɗan audugar da aka murza, a shafi lafiyayyar fata a gefensa, a ce ya nuna inda ya ji. Tabon kalazar da na kyasbi suna ji. Tabon kuturta ba ya ji, ko jinsa ya ragu, sau da yawa ba ya gumi kuma gashin wurin ya zube. Wani nau'inta yakan zo da ƙulle-ƙulle a fatar kunne da fuska, da zubewar gira, da mutuwar yatsu har mutum ya ƙone bai sani ba. Kuturta tana warkewa sarai da ƙwayoyi na wata 6 ko wata 12, kuma kyauta ake bayar da su a duniya duka tun 1995. Wanda ya fara sha ya daina yaɗawa cikin ɗan lokaci. Gundulmin yatsu da muke gani a jikin tsofaffi sakamakon jinkiri ne, domin jijiyar da ta riga ta mutu magani ba ya dawo da ita.

Na ukun shi ne ciwon da ake kira nabit ko madura. Ƙaya ce ke shigar da ƙwayar cutar daga ƙasa, galibi a ƙafar manomi ko makiyayi ko mai saran ƙaro da itace. Yakan fara da ɗan ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin fata, ba ya ciwo ko kaɗan, ya yi watanni ko shekaru yana girma a hankali. Daga baya ya huda ƙananan ƙofofi masu fitar da ruwa da wasu 'yan tsaba, baƙaƙe a mafi yawan lokuta a Sudan, wani lokaci farare ko rawaya ko ja. Idan aka bar shi yana cin nama har ƙashi, ƙarshensa yanke ƙafa. Sudan na cikin ƙasashen da suka fi fama da shi, kuma cibiyar bincikensa da Farfesa Ahmad Hasan Fahal ya kafa a Kartum a 1991 ita ce ta yi fice a duniya, kafin yaƙi ya dagula aikinta. Lokacin da ƙullutun yake kamar ƙwayar gyaɗa, ƙaramin aiki da magani na watanni sukan wadatar. Kada a kai shi wurin wanzami a tsaga, kada a yi masa lalas da wuta, domin tsagawa tana watsa tsabar cikin nama. Takalmi rufaffe a gona ya fi silifa.

Mahauta da masu sayen fatu da ƙiraga, ku ma kuna da naku: ƙurjin da ya fito a hannu ko wuya ko fuska, ya yi ruwa, tsakiyarsa ta koma baƙin ɓawo kamar gawayi, gefensa ya kumbura sosai amma babu zafi. Daga dabba mai ciwon saifa ake ɗaukarsa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana warkar da shi idan an zo da wuri.

Kada wannan bayani ya sa kowa ya tsorata da kowane ƙullutu. Da yawa daga cikin masu fitowa shiru ba kome ba ne. Akwai 'yan ƙuraje masu sheƙi kamar tsakiya, da ɗan lotsawa a tsakiyarsu, da ke fitowa yara, su tafi da kansu cikin watanni. Akwai ƙullutun kitse mai laushi da ke motsi a ƙarƙashin yatsa, ya shekara goma bai canja ba. Akwai ƙurajen balaga. Abin dubawa shi ne canji: ƙullutun da ke girma, ko ya yi tauri ya manne, ko yake zubar da jini, ko gyambon da ya yi wata guda bai rufe ba, da kowane ƙullutu a mama, na mace ko na namiji. Maruru ƙarami a gasa shi da tsumma mai ɗumi har ya fashe da kansa, amma na fuska, da mai zuwa da zazzaɓi, da na mai ciwon sukari, a bar wa asibiti.

Idan za a tafi asibiti

Cibiyoyin da aka sani da aikin kalazar a jiharmu sun haɗa da na Doka, Tabarakallah, Bazura da Kassab, da babban asibitin koyarwa na cikin Gadarif. A ɓangaren Habasha akwai asibitin Matamma da cibiyar da ke Jami'ar Gondar. Saboda halin da ake ciki, a tambayi ma'aikacin lafiya na kusa wace ce ke da magani a hannu kafin a biya kuɗin mota.

A tafi da katin sallama na kalazar, ko da ya tsufa ya yage, ko da a ɗaya gefen iyaka aka rubuta shi. Gwajin jinin yatsa da ake yi wa kalazar yakan ci gaba da nuna alama shekaru bayan an warke, don haka ba ya iya faɗa wa likita ko ƙurajen na bayan kalazar ne. Katin ne zai gaya masa wane magani aka yi, kwana nawa, da wane wata. Leburorin girbi da fatake masu tsallaka iyaka su ɗauki hoton katin a waya, su kuma faɗa wa likita inda suka kwana a bazarar da ta wuce, ko da bai tambaya ba. A ɗauki hoton ƙurajen da rana, sau ɗaya a wata, don a gwada. A zo da kwalba ko kwalin duk abin da aka shafa ko aka sha, har na gargajiya. Ranar zuwa kuma a wanke wurin da ruwa kawai, kada a shafa mai ko hoda ko toka, don likita ya ga fatar yadda take.